Asalin Wasan Kwaikwayo Na 'Yan Makaranta

Akwai wata magana da ta daɗe tana raba kan iyaye a ƙasar Kano, watau maganar wasan kwaikwayo da yara su ke yi a makaranta. Wani uba in ya ji an ce ɗansa zai fito a wasa ranar taron iyaye, sai ya yi murna, ya sa babbar riga ya tafi kallo. Wani kuwa sai ransa ya ɓaci, ya ce shi karatu ya aika yaro ya yi, bai aike shi koyon shashanci ba. Ana jin wannan gardama a Rano da Kibiya kamar yadda a ke jinta a Birni, a bakin kasuwa da zauren mai unguwa. Tun da ya ke Allah ya buɗe mana ido mun iya karatu da rubutu, ya kamata mu bi sawun abin nan tun daga tushensa, mu ga inda ya fito, da waɗanda suka rene shi, da abin da ya ke ƙara wa yaro, da kuma inda a ke jin tsoronsa. Sa'an nan kowa ya yanke wa ɗansa hukunci bisa sani.

Abin Da Muka Tarar A Gida

Rano tsohuwar alkarya ce. Tana cikin Hausa Bakwai, shi ya sa har yau a ke yi wa Sarkinta kirari da Autan Bawo. Masu ba da labarin Bayajida sun ce da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano su aka ba sarautar baba, saboda rini. Littafin tarihin sarakunan Kano ma ya ambaci Sarkin Rano tun zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. To, mutanen da suka daɗe haka da fada da kasuwa da marina, lalle sun daɗe da sanin halin ɗan Adam, sun kuma daɗe da kwaikwayonsa.

Dubi yara ƙanana a tsakar gida. Yarinya ta kan goya 'yartsana, ta yi mata aure, ta dafa tuwon ƙasa a sakaina, ta yi wa kishiya habaici da irin muryar da ta ji a ɗakin uwarta. Yaro ya kan hau kara ya ce doki ne, ya sa ƙannensa su faɗi su yi gaisuwa. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu.

In azumi ya kai kwana goma sai a fara tashe. Yaro ya manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, ya ɗauki sanda yana tafiya da ƙyar, ya zama Tsoho da Gemu. Wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama Jatau Mai Magani. 'Yan mata kuwa ɗaya ta sa riga da hula ta zama Daudu, ɗaya ta zama Mairama, su nuna yadda a ke zaman aure. A birnin Kano akwai Nalako, sarkin gwauraye, wanda ya ke bi unguwa unguwa yana kama waɗanda ba su da mata, ana ta dariya.

Bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan matan ƙauye su kan yi kalankuwa. Su naɗa sarkinsu da alƙali da dogarai, su kafa shari'a ta wasa, su ci mai laifi tara. Da Turawa suka zo sai aka daɗa Gwamna da Di'o da likita da ɗan sanda, gama mai kwaikwayo duk abin da idonsa ya gani shi ya ke ɗauka. A gidajen sarauta kuma akwai wasan gauta, inda matan cikin gida su ke shigar Sarki da hakimansa, kowace ta kwaikwayi tafiyar wanda ta ɗauka da maganarsa, su kuwa suna zaune suna kallon kansu. Akwai kuma 'yan kama, masu ɗaukar muryar malami mai karatu ko ta mawaƙi, su juya maganar duka ta koma ta tuwo da fura da nama.

In ka lura, abu ɗaya ya haɗa waɗannan wasanni. A cikinsu a ke ba ƙarami izini ya nuna wa babba kamanninsa, ba a kuwa hukunta shi. Hakimin da ba mai iya ce masa yana da rowa, in ya ga an kwaikwayi rowarsa a gaban Sarki, ya ji maganar, kuma ba wanda ya ci mutuncinsa. Wannan hikima ce ta kakanninmu. Abin da wasanninsu ba su da shi kawai shi ne rubutu. Maganar tana bakin masu yi, in sun tsufa wasu su ɗauka, abin da aka manta ya tafi ke nan.

Shigowar Wasa Makarantar Boko

Turawan Ingila suka ci Kano a 1903. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, a 1922 kuma aka buɗe Kwalejin Katsina don horon malamai. Babbar wahalar makarantun farko ita ce rashin littattafan Hausa. Saboda haka a 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zauna Zariya a hannun wani Bature mai suna Dokta East. Shi ne ya sa gasar rubutu ta 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A cikin shekarun nan na 1930 ya fitar da wani ɗan littafi mai wasanni shida na Hausa, don 'yan makaranta su riƙa yi. Daga nan a ke fara ƙirga rubutaccen wasan kwaikwayo da harshen Hausa.

Abubuwa uku ne sababbi a wasan makaranta. Na ɗaya, an rubuta abin da kowa zai faɗa, sunansa a gefe, maganarsa a gaba. Na biyu, ana gwaji, a yi ta maimaitawa kwana da kwanaki kafin ranar taro. Na uku, an raba masu yi da masu kallo, waɗannan suna bisa dandamali, waɗancan suna zaune shiru. Hadda ba ta ba yaranmu wuya ba, gama galibinsu sun fito daga makarantar allo, inda suka saba riƙe karatu da ka. Abin da ya zama musu sabo shi ne a ce yaro ya tsaya gaban malamansa da manyan gari, ya ɗaga kai, ya yi magana da ƙarfi, alhali a gida an hore shi da sunkuyar da kai.

Ba a ƙasarmu kaɗai aka yi haka ba. A ƙasashen da Faransa ta mallaka akwai babbar makaranta a Senegal, sunanta William Ponty, inda a ke tara yara masu ƙoƙari daga ko'ina, har da Nijar. Diori Hamani, wanda ya zama shugaban Nijar na farko a 1960, can ya yi karatu. A shekarun 1930 a kan sa 'yan makarantar su tattaro labaru da al'adun garuruwansu in sun je hutu, su dawo su mai da su wasa. A 1937 har birnin Paris aka kai su suka yi wasa. Watau ta ko'ina ka duba a Afirka ta Yamma, ɗakin karatu shi ne shimfiɗar wasan kwaikwayo na zamani.

Malam Aminu Kano Yana Ɗan Makaranta

Wanda ya fara nuna abin da ɗan makaranta zai iya yi da wasa a ƙasar nan shi ne Malam Aminu Kano. An haife shi a unguwar Sudawa a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali, saboda haka tun yana yaro ya san abin da ke gudana tsakanin talaka da masu iko. Ya yi karatun Alƙur'ani a gida, ya shiga elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sa'an nan ya tafi kwaleji a 1937, ya gama a Kaduna a 1942.

Yana kwaleji ya fara rubuta wasanni yana shirya su da 'yan'uwansa 'yan makaranta. Biyu daga cikinsu sun fi shahara. Ɗaya sunansa Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba, ya nuna yadda 'yan kasuwar Birni marasa tsoron Allah su ke cutar mutanen ƙauye. Ɗayan kuwa, Ƙarya Fure Ta Ke Ba Ta 'Ya'ya, ya taɓo nauyin haraji da a ke ɗora wa talakawan karkara. Ba a buga wasannin nan littafi a lokacin ba, amma labarinsu bai ɓace ba.

Ya kamata mu mutanen karkara mu tsaya a nan mu yi tunani. Tun da can mutumin Birni in yana son dariya, baƙauye ya ke kwaikwaya, da tafiyarsa da ƙauyancinsa da yadda ya ke sakin baki a kasuwar Kurmi. Malam Aminu ɗan Birni ne, amma sai ya juya abin. Ya sa baƙauye a dandamali yadda mai kallo zai ji tausayinsa, ya mai da abin kunyar kan wanda ya cuce shi. Kayan wasan ɗaya ne, baƙauye da dillali da kasuwa, amma inda dariyar ta faɗa ya sake. Yaro ɗan shekara goma sha takwas ko sha tara ne ya gane wannan, kuma a wajen wasan makaranta ya gane shi.

Da ya gama kwaleji sai aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci, inda ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma yi abota da Malam Sa'adu Zungur. A can ma bai bar shirya wa yara wasa ba. A 1950 ya bar aikin koyarwa ya shiga siyasa, ya zama jagoran jam'iyyar NEPU, ya rasu a 1983. Ko mutum ya bi ra'ayinsa na siyasa ko bai bi ba, an shaida masa iya magana gaban jama'a da iya ba da misali mai ban dariya wanda talaka zai riƙe. Wannan baiwa ce daga Allah, amma a dandamalin makaranta aka fara wasa ta.

Littattafan Da Suka Biyo Baya

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Sakkwato, wanda ya ke koyar da tsabta da kiwon lafiya. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan da Yaƙi da Jahilci, ta kafa hukumar NORLA don ta samar wa sababbin masu karatu abin karantawa. A zamanin nan aka buga Malam Inkuntum na Alhaji Dogondaji.

Sai Malam Shu'aibu Maƙarfi, wanda aka fara jin wasanninsa a rediyon Kaduna kafin a buga su. Zamanin Nan Namu ya fito a 1959, Jatau Na Kyallu a 1960. Na biyun labarin wani attajiri ne da ya auri karuwa, ya ƙi jin shawara, har dukiyarsa ta ƙare. A ƙarshen shekarun 1960 aka sami Uwar Gulma na Mohammed Sada, labarin Hayatu da matarsa Halima da irin wahalar da ta sha a hannunsa, da kuma Tabarmar Kunya na Adamu Ɗan Goggo da Dauda Kano a 1969. A 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wani wasa na Shakespeare, babban marubucin Ingila, ya sa masa suna Daren Sha Biyu. A 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da Shaihu Umar wasan kwaikwayo, a 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim. A 1979 Umaru Ɗanjuma Katsina ya fitar da Kulɓa Na Ɓarna, gargaɗi ga 'yan matan makaranta game da masu kuɗin da ke ruɗinsu.

Galibin littattafan nan makaranta ce kasuwarsu. Su a ke sa wa yara a jarrabawar Hausa, su kuma ƙungiyoyin wasa na makarantu su ke ɗauka su yi. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka kuma soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, makarantu suka yaɗu har ƙauyuka, wasan makaranta ya bi su. Haka kuma ƙungiyoyin wasa na samari suka yawaita a birane, suna yi a dandali da rediyo da talabijin. Ɗaya daga cikinsu, Tumbin Giwa ta Kano, ita ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, wanda a ke lissafa shi farkon finafinan Hausa na kaset. Watau sana'ar nan da ta ke ci da dubban mutane a Kano yau, jijiyarta tana komawa ga tashe da ɗakin karatu.

Yadda Ɗan Makaranta Ya Ke Fahimtar Wasa

Yanzu bari mu duba abin da ke faruwa cikin kan yaro sa'ad da aka ba shi wasa. Littafin wasa ba kamar littafin labari ba ne. Mai labari ya kan gaya maka wane ya yi fushi, wance ta ji kunya. Mai rubuta wasa kuwa magana kawai ya ke ba ka, sauran aikin ya bar maka.

Ga misali. A ce an rubuta miji ya dawo gida tsakar dare, matarsa ta ce masa, “Sannu da zuwa, maigida.” Kalmomi huɗu ne, ko ɗan aji biyu zai karanta su. Amma wanda aka ba matsayin matar dole ya tsaya ya yi tambaya. Murna ta ke yi ya dawo lafiya? Tsoronsa ta ke ji, don ta san halinsa in ya dawo a irin wannan lokaci? Ko kuwa gatse ta ke yi masa? Kowace amsa da muryarta, da inda za a sa ido, da yadda za a riƙe fitila. Ba kuwa zai sami amsa ba sai ya koma baya ya karanta abin da ya wuce tsakaninsu tun farkon wasa, ya kuma leƙa gaba ya ga abin da zai biyo. Ka ga yaro ya shiga bincike da kansa, ba da bulala ba.

Malamin kirki ba ya gaya masa amsa. Sai ya ce, “To, yi mu gani.” Yaro ya yi. Malam ya juya ga sauran aji ya ce, “Kun yarda haka za ta faɗa?” Wani ya ɗaga hannu ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ai a fitowa ta biyu ya doke ta, yaya za ta tarye shi da fara'a?” Nan gardama ta tashi, kowa ya buɗe littafi yana neman hujja. Wannan shi ne fahimta. Wanda ya saba neman hujja cikin littafin wasa, gobe in aka miƙa masa takardar sayen gona ko ta rance, zai karanta ta da idon nan mai tambaya.

Abu na biyu, wasa yana sa yaro ya shiga rigar wani. Ɗan hakimi ya kan fito a matsayin talakan da aka ƙwace wa akuya, ɗan talaka ya fito alƙali, ya ji yadda hukunci ya ke da nauyi in mutum biyu suna gabanka kowa yana rantsuwa. A makarantun da babu mata, yara maza su ke ɗaura zane su fito a matsayin mata. Wannan ba baƙon abu ba ne, a Ingila ma zamanin Shakespeare samari ne ke fitowa a matsayin mata, sai wajen 1660 mata suka fara hawa dandamali. Yaron da ya yi mako uku yana gwajin zama Halima, yana neman muryar matar da aka wulakanta, da wuya ya manta da ita ranar da ya yi nasa auren. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wasa ya kan hau da mutum tudun wani, ya juyo ya hango nasa.

Abu na uku shi ne tambayar da Malam Aminu ya bar mana, watau wa a ke yi wa dariya, kuma don me? Akwai wasan da ke sa a yi wa azzalumi dariya, akwai wanda ke sa a yi wa wanda aka zalunta. Akwai wanda ke koyar da tsabta, amma garin koyarwa ya mai da manomi kamar dabba. Ɗan makarantar da ya iya raba waɗannan ya sami abin da zai yi masa amfani duk ransa, musamman a wannan zamani da fim ya shiga aljihun kowa ta wayar hannu.

Abin Da Iyaye Su Ke Tsoro

Ba daidai ba ne a ce iyayen da ke ƙin wasa jahilai ne. Tsoronsu yana da dalili, ya kamata a amsa musu da mutunci.

Waɗansu sun ce wasa ƙarya ne, ga yaro ya ce shi sarki ne alhali ba shi ba ne. Amma ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka ba don ka ruɗi mai ji. A wajen wasa kuwa ba wanda aka ruɗa, mai yi ya sani, mai kallo ya sani, kamar yadda kaka ta ke ba jikokinta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ba wanda ya ce ta yi ƙarya.

Waɗansu suna tsoron cuɗanyar maza da mata, da gwaji bayan an tashi makaranta. Wannan tsoro na gaskiya ne, maganinsa kuwa yana hannun hedimasta. A yi gwaji da rana a cikin makaranta, malami ko malama suna wurin, a sanar da iyaye tun da wuri, kada kuma a tilasta wa yarinyar da mahaifinta bai yarda ba.

Waɗansu sun ce wasa yana koya wa yaro raina manya. Ya kan yiwu, in an sa yara su kwaikwayi wani sanannen mutum na gari don a muzanta shi. Kakanninmu sun san iyakar abin, shi ya sa wasan gauta ya ke da lokacinsa da wurinsa. Hali a ke kwaikwaya, rowa ko zalunci ko ha'inci, a bar sunan mutum da kamanninsa. Haka kuma wasan da ke yi wa wata ƙabila dariya saboda harshenta, ko makaho da gurgu saboda halittarsu, bai dace da makaranta ba, ko da an gaje shi daga tashe.

Akwai kuma wata illa da iyaye suka fi malamai lura da ita, ita ce laƙabi. Yaro ya fito ɓarawo sau ɗaya, ya iya ƙwarai, shi ke nan suna ya bi shi har ya yi gemu. Maganin wannan a riƙa juya matsayi, wanda ya yi ɓarawo bana, baɗi ya yi liman.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Har yanzu wasan kwaikwayo yana cikin abin da a ke tambayar 'yan sakandare a jarrabawar Hausa. Amma a makarantu da yawa an koma karanta shi a zaune kawai. Malam ya rubuta jigo da sunayen 'yan wasa a allo, yara su kwafa, su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, ba wanda ya taɓa tashi tsaye ya faɗi layi ɗaya da muryarsa. Dalilan sanannu ne, aji ya cika, littafi ya yi tsada, malami ɗaya yana riƙe da aikin mutum uku. Duk da haka, karanta wasa ba tare da yinsa ba kamar koyon rini ne a zaure, ba a taɓa tsoma hannu a marina ba.

Abin farin ciki shi ne wasa ba ya cin kuɗi. Inuwar darbejiya ta isa dandamali, zane biyu sun isa labule, tsohuwar riga da rawanin aro sun isa naɗa sarki. Littafi ɗaya ya ishi aji, in kowa ya kwafi nasa layi. Labari kuwa ƙasar nan cike ta ke da shi. A 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta haɗa Rano da Kibiya da Bunkure cikin masarauta ɗaya, kuma kowane gari a cikinta, daga Rurum har Tarai, yana da tsofaffi masu labari. Ga labarin Bawo da 'ya'yansa. Ga zuwan Turawa, waɗanda suka fasa Bebeji maƙwabciyarmu a 1903 a kan hanyarsu ta zuwa Kano. Ga madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da yadda noman rani ya sake zaman mutane. Ga manomi da dillali ranar da tumatir ya yi kwantai, ga ɗan ci-rani da ya dawo hannu wofi, ga marini da ɗansa ya ƙi gadon sana'a. In 'yan makarantar William Ponty sun iya mai da labarin garuruwansu wasa har aka kalla a Paris, ba abin da zai hana 'ya'yanmu su yi wa iyayensu a filin makaranta.

Ku kuma 'yan'uwa da kuka sauke karatun manya, akwai naku rabo a ciki. In ɗanka ya zo da takardar wasa, ka karɓa ka riƙe masa, shi ya faɗi nasa layi, kai ka karanta na abokin maganarsa. In ya faɗa, ka tambaye shi don me mutumin nan ya faɗi haka, kuma wa ke da gaskiya a cikinsu. Kai ka fi shi sanin duniya, shi ya fi ka saurin karatu, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. Ranar wasa kuma ka je ka zauna a gaba. In ka ga abin da bai dace ba, ka sami hedimasta a ofishinsa ka gaya masa cikin mutunci, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, ya sa su fi mu. Amin.